Tsakanin "In" da "Da"

 Inda kuke zaune yanzu da kaye da bik, kuna haɗa baƙi da wasali, ni ma na zauna. Ina da shekara 26 na fara rubuta sunana da hannuna, a wani zaure cikin Maraɗi, bayan sallar isha'i, mu ashirin da fitila guda. Da na karɓi takardar shaida, na ɗauka na gama zama ɗan makaranta ke nan. Ashe da saura. Shekara goma bayan haka na sake zama bisa benci a ƙasar Turawa, ana koya mini wani harshe. A can ne na yi kuskuren da ya kusa ɓata tsakanina da yayana. Labarin da za ni ba ku ke nan.

Sana'ata mota ce. Na yi karen mota, na yi direba, daga baya na shiga cikin masu zuwa Kwatano ɗauko tsofaffin motocin Turai. A lokacin hanyarmu ita ce Kwatano, Faraku, Malanbil, a ƙetare gada a shigo Gaya, sai Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, har Maraɗi. Da yawa daga cikin motocin nan daga ƙasar Beljik suke fitowa. Kullum ina ganin lambar ƙasar a jikinsu, har wata rana a shekarar 2007 Allah ya kai ni can.

Beljik ƙasa ce ƴar ƙarama. Jihar Maraɗi kaɗai ta fi ta faɗi, amma mutanenta sun haura miliyan 11. Kafin in tafi, na ɗauka Faransanci suke yi su duka. Ba haka ba ne. Mutanen kudu ne ke Faransanci. Mutanen arewa, waɗanda sunka fi yawa, wajen shida cikin goma, harshensu ɗaya da na ƙasar Holan. Su suna ce mashi Nederlands, ƴan uwanmu da ke can suna cewa Falamanci, ni kuwa a nan za ni ce Holanci. Akwai kuma ƴan kaɗan can gabas masu Jamusanci. A Burusel, babban birnin, ana rubuta sunan titi da harshe biyu, amma Faransanci ya fi tafiya a baki. Can ne titin Heyvaert shike, inda garejojin tsofaffin motoci sunka yi layi, kuma in ka bi ta wurin ba ka rasa jin Hausa ko Zabarmanci. Daga nan ake ɗora motocin bisa manyan kamyo a kai su Anber, birnin tashar jiragen ruwa, wanda masu garin ke kira Antwerpen. A Anber na zauna. Anber kuwa ƙasar Holanci ce tsantsa. Takardar hukuma, allon titi, wasiƙar mai gidan haya, duk da Holanci.

Tun shekarar 2004 hukumar yankin arewa ta tsara wa baƙi karatu, na harshe da na sanin yadda ƙasar ke tafiya. Anka ba ni takarda, anka tura ni makarantar manya. Dare uku a mako, daga ƙarfe shida zuwa tara. Ga sanyi, ga gajiyar aiki. Mu goma sha huɗu ne a ajin. Akwai mutanen Maroko, akwai na Turkiya, da ɗan Gana guda, da wasu daga Afganistan. Akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe bik ba sai a nan. In na dube ta tana matse shi kamar zai gudu, sai in tuna zaurenmu na Maraɗi.

Kalmomin ba su ba ni wahala ƙwarai ba. Kalma haddarta ake yi, kuma wanda ya yi makarantar allo ya san hadda. Akwai dai harafin g, wanda mutanen Holan ke fiddawa daga maƙogwaro kamar ha mai ruwa, na Beljik kuwa sun fi sassauta shi. Wannan ma da sannu baki ya saba. Abin da ya sha mini kai shi ne jerin kalmomi, wace ke gaba, wace ke baya.

Ku duba. A kowace jimla akwai kalmar aiki: zo, tafi, ci, saya, samu. Malamai na ce mata aikatau. Mu a Hausa muna cewa "Zan zo gobe." In mun ga dama mu ce "Gobe zan zo." Mun ɗauke "gobe" mun kai ta gaba, sauran ba su motsa ba. A Holanci ana cewa Ik kom morgen. Ik shi ne ni, kom shi ne zo, morgen gobe. To in ka kai morgen gaba, dole ka ce Morgen kom ik, wato "gobe zo ni". Kalmar aiki ba ta barin kujera ta biyu. Kujera ta fari kowa na iya zama, gobe ko jiya ko ni ko kai. Ta biyu kuwa tata ce, kamar fasinjan da ya biya kuɗin gidan gaba tun da asuba. In wani ya zo ya zauna a ta fari, ik ne ke tashi ya koma bayanta.

Wata biyu na yi kafin wannan ya zauna mini. Ina cikin murna na kama, sai malamarmu ta kawo wata ƴar kalma, haruffa uku: als. Ita ce "in" tamu, ko "idan".

Ran nan ba ta yi rubutu a allo ba. Ta yanko kwali, ta rubuta kalma guda a kowane, ta raba mana, ta ce mu tsaya a jere gaban aji kowa ya ɗaga nashi. Mu uku munka fara tsayawa: Ik heb tijd. Ma'ana, ina da lokaci. Ni ke riƙe da heb, kalmar aiki, ina tsaye a wurina na biyu. Sai ta kira tsohuwar nan ta ba ta als, ta tsayar da ita a kan layi. Ta juyo ta dube ni, ta nuna mini ƙarshen layi da hannu. Na ce, ni? Ta ce, kai. Na ɗauki kwalina na zagaya na koma baya, kamar wanda ɗan sanda ya kama shina tsallake layi a asibiti. Aji duk dariya. Jimlar ta zama Als ik tijd heb, wato "in ni lokaci da". Mutanen Turkiya sun fi kowa jin daɗi, don su a harshensu kalmar aiki dama a ƙarshe take zama. Ɗayansu ya dafa kafaɗata ya ce yau dai an yi magana irin ta mutane.

Ba ta ƙare nan ba. "In ina da lokaci" rabin magana ce, sai an ce mi za ya faru. Ta ƙara mutum biyu, ik da kom. Ɗan Gana mai riƙe da ik ya zo ya tsaya kusa da ni, kamar yadda hankali ya ba shi. Malama ta girgiza kai, ta musanya su. Kom ya matso kusa da ni, ik ya koma bayanshi. Ga jimlar duka:

Als ik tijd heb, kom ik.

In ina da lokaci, zan zo. Amma in ka bi ta kalma kalma, cewa ta yi: in ni lokaci da, zo ni. Kalmomin aiki biyu, heb da kom, sun haɗa goshi kamar raguna, waƙafi kaɗai ke tsakaninsu.

Na tambaye ta don mi. Amsar da ta ba ni ita ce ta buɗe mini kai. Ta ce duk rabin nan na fari, tun daga als har waƙafi, kujera guda ya ci, ta fari. To wa ke da ta biyu? Kalmar aiki. Ashe dokar nan ce dai ta Morgen kom ik, ba wata sabuwa ba. In kuwa ka juya maganar ka fara da ɗayan rabin, sai ka ce Ik kom als ik tijd heb. Ik ya koma gaba abinshi, amma heb na can ƙarshe, don als ba ta yafewa.

Akwai kuma wasu kalmomin aiki masu rabuwa biyu. A tashar jirgin ruwa kullum muna amfani da aankomen, wato isowa. In za ka ce jirgi zai iso Juma'a, sai ka tsinka ta: Het schip komt vrijdag aan. Rabi a kujera ta biyu, rabi can ƙarshe. Amma da als ta shigo, komt ya koma baya ya tarar da ɗan uwanshi, sai su sake manne: Als het schip vrijdag aankomt, bel ik je. In jirgi ya iso Juma'a, zan kira ka.

Don kada in manta, na nemo jimlar da ba ta barin bakina. Na tambayi malama yadda ake cewa "in Allah ya so". Ta ce Als God het wil. Wil shi ne so, ga shi can ƙarshe. Daga ran nan duk sa'ad da na rikice sai in faɗe ta a zuci, in auna sabuwar jimla da ita.

Gaskiya na iya abin nan. Na fi kowa a aji. Malama kan ce in tashi in gyara wa wasu. Kai kuwa ya fara kumbura. A kanti, a taram, ko an yi mini Faransanci sai in amsa da Holanci. Kuma a lokacin na tsinci wata kalma da ta burge ni, zou. Na ji mutane na sa ta in suna son ladabi. Mai neman taimako kan ce Zou u mij kunnen helpen? wato, ko za ka iya taimaka mini? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa zou kalmar girmamawa ce, kamar mu ce "don Allah" ko "ranka ya daɗe". Ban tambayi kowa ba. Na sa ta aljihu.

To, ana haka yayana ya kira ni daga Maraɗi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Ya ce shina son mota ya sa taksi, don noma kaɗai ba ya riƙe gidan. Ya saida bijimai biyu da buhunan aya da wake, ya haɗa da abin da matarshi ta ɗauka a adashi. Zai ba wani ɗan kasuwa sefa a Maraɗi, yaron ɗan kasuwar ya ba ni yuro a Burusel. Kuɗin za su shigo hannuna ran Juma'a. Na ce, Yaya, ka kwantar da hankalinka, wannan aikina ne.

Ran Talata na ga motar. A wani ƙauye ne bayan Anber, gaban wani gida, an liƙa takarda a gilashi: te koop, ta sayarwa. Toyota Corolla ce fara. Mai ita wani tsoho ne, ya ba shekara saba'in baya. Ya ce ta matarshi ce da ta rasu, kasuwa da coci kawai take zuwa da ita. Na buɗe inji, na duƙa na duba ƙasa, na tada ta na saurara. Ƴan uwa, na shekara ashirin cikin mota, na san lafiyayya in na ji ta. Ya ce yuro 1,500. Yuro guda sefa 656 ne, ke nan jikka 984, miliyan ba kaɗan. A titin Heyvaert irinta ta fi haka nesa.

Tsohon ya ji daɗi da ina Holanci. Ya shigar da ni ɗaki ya ba ni kofi. Ya ce akwai wani mutum da ya ce zai zo dubawa ran Alhamis, amma in ni ina so, ni na riga. Ya tambaye ni, za ka saya?

Abin da ke zuciyata shi ne: in na samu kuɗin, zan sayi motar. Na tsaya na jera kalmomina a kai, kamar yadda muke tsayawa da kwali. Als a gaba. Kalmar aiki a ƙarshe. Bayan waƙafi wata kalmar aiki, sannan ik. Kuma tun da dattijo ne, ga shi ya karrama ni, na ce bari in ƙara mashi zou don ladabi. Na buɗe baki na ce:

Als ik het geld had, zou ik de auto kopen.

Ya dube ni shiru. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Spijtig." Ban san kalmar ba. Na ga dai ya gyaɗa kai, na ɗauka ciniki ya faɗa. Ya raka ni har bakin titi, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ina cikin bas na kira Yaya na ce an samu mota, fara, kamar sabuwa. Kafin dare duk dangi sun ji. Har direba ya nemo.

Ran Juma'a na je Burusel na karɓi kuɗi, na wuce ƙauyen kai tsaye. Gaban gidan wayam. Sai ɗan ɗigon mai a ƙasa inda take tsayawa. Na buga ƙofa. Tsohon ya fito, ya gan ni da ambulan a hannu, ya buɗe baki. Ya ce mutumin Alhamis ya zo ya biya ya tafi da ita. Na ce, ba mun gama magana ba? Ya ce, "Maar u had geen geld!" Amma ai ba ka da kuɗi! Na so in yi gardama, Holancin duk ya gudu. Na juya na tafi, ina cewa a raina ashe tsofaffin Turawa ma na saɓa alkawari.

Kiran da na yi wa Yaya a daren nan, ba na son tuna shi. Na ce motar ta kuɓuce. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Sannan ya ce, "To. Kuɗin fa?" Na ce suna nan. Ya ce, "To." Bai ƙara komi ba. Ku kun san abin da ake faɗi a gari game da waɗanda sunka tafi Turai anka aika masu kuɗi. Wasu kuwa sun ci, ba ƙarya ba ne. Bayan kwana biyu ƙanwarmu ta kira ta ce Inna ta ce a gaya mini, in dai kuɗin na nan, in maido su, Allah ya sa haka ya fi alheri. Wannan saƙo ya fi zagi ciwo. Na roƙi a ba ni wata guda.

Ran Litinin na je makaranta ba don ina so ba. Malama ta ga fuskata ta tambaya. Na ba ta labari, ina ta ɗora wa tsohon laifi. Ta ce, mi ka ce mashi daidai? Ta miƙo mini alli ta ce in rubuta. Na rubuta, ina jiran ta nuna inda na saka kalma ba daidai ba. Ta karanta sau biyu. Ta ce babu kuskure ko guda, jimla ce mai kyau, wadda sai a aji na gaba ake koyar da irinta. Sannan ta ce, amma ka san abin da ka gaya mashi? Ka ce ba ka da kuɗin, kuma ba za ka saya ba.

Ta rubuta wata a ƙarƙashin tawa:

Als ik het geld heb, koop ik de auto.

Ta ja layi ƙarƙashin heb, ta ja ƙarƙashin had. Ta ce ta ƙasa magana ce ta abin da ke iya faruwa: kuɗi na tafe, in sun zo an yi ciniki. Ta sama kuwa maganar mai buri ce, wanda ya san babu. Heb siffar yanzu ce, had ta abin da ya wuce. A Holanci, in ka sa siffar abin da ya wuce bayan als alhali kana maganar yau ko gobe, ka nuna abin ba haka shike ba. Zou kuma, ko da shike ana ladabi da ita a wajen roƙo, a irin wannan jimla aikinta ta ƙara tabbatar da cewa zance ne kawai. Na tambaye ta spijtig. Ta ce ma'anarta, kaico, abin tausayi. Ashe tsohon jajanta mini ya yi. Riƙe hannun nan da hannu biyu, na ban haƙuri ne ga talakan da ya ga mota ya so, ba shi da halin saye.

Na koma benci na zauna. Ban ji sauran darasin ba. Ina ta juya maganar da Hausa, sai na ga ai mu ma muna da su duka biyun:

In na samu kuɗi, zan sayi motar.

Da ina da kuɗi, da na sayi motar.

Ko yaro ɗan shekara biyar a Maraɗi ba ya haɗa waɗannan. In ka gaya wa mai shago ta fari, zai aje maka kaya. In ka gaya mashi ta biyu, zai ce Allah ya hore, ya saida wa wani. Mu ƙofa biyu gare mu, "in" da "da", tun daga bakin ƙofa an san inda ka nufa. Su ƙofarsu guda ce, als. Sai an shiga ciki an duba kalmar aiki, can ƙarshen layi, a ga heb ce ko had.

To mi ya kai ni ga had? Nan ne abin ya ba ni mamaki, don Hausa ce ta ja ni. Ku faɗi wannan da bakinku: "Jiya na samu kuɗi." Ku sake faɗin wannan: "In na samu kuɗi gobe." Kun ji? "Na samu" ɗin guda ce. "Jiya ka zo." "In ka zo gobe." Mu bayan "in" siffar abin da ya riga ya faru muke sawa, ko da abin sai baɗi. Shekara talatin da wani abu ina Hausa ban taɓa lura ba. Da na zo juya "in na samu", kaina ya ji "na samu", ya ɗauko mini had. Waɗanda sunka yi lakkal sun ce Faransanci ma haka shike yi da si, kamar Holanci. Ni Faransancina na tasha ne, ban kai nan ba.

Daga baya munka koyi ta uku, ta abin da ya riga ya wuce ba ya dawowa: Als ik het geweten had, was ik gekomen. Da na sani, da na zo. Munka koyi cewa "ko" ta tambaya ba als ba ce, of ce: Ik weet niet of hij komt, ban sani ba ko zai zo. Als na iya zama "in" ta lokaci kamar tamu, irin "in rana ta faɗi", amma abin da ya faru sau guda a da, toen ake sa mashi. A wasiƙun hukuma kuwa ba su cika rubuta als ba, sai indien, ma'ana guda, ita ma tana kora kalmar aiki baya. Duk wasiƙar da na ga Indien u niet betaalt, in ba ka biya ba, na san ba ta ajiyewa ba ce.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na zargi dattijo da saɓa alkawari, har na faɗa gaban mutane, alhali bai yi ba. Ran Asabar na rubuta jimlolin biyu a takarda, na sayi ɗan biskit, na hau bas na koma ƙauyen. Da ya gan ni ya ɗan ja baya, ya ɗauka rigima na kawo. Na miƙa mashi takardar. Na nuna ta sama na ce, wannan na faɗa. Na nuna ta ƙasa na ce, wannan nike nufi. Ya sa tabarau ya karanta. Ya dube ni, ya sake duba takardar. Sai ya fashe da dariya har da tari, ya dafa ƙofa. Da ya lafa ya ce:

"Had ik dat geweten, dan had ik gewacht."

Na tsaya ina neman als a ciki, babu. Daga baya na gane ana iya yar da ita, a fara da kalmar aiki, ma'ana ba ta sake ba. Amma ko a lokacin na fahimce shi sarai. Da na san haka, da na jira. Na ce mashi mu a garinmu muna cewa da na sani ƙeya ce. Na taɓa bayan kaina na nuna mashi, na yi ta fama da ƴan kalmomina har ya gane cewa a baya take, mai ita ba ya ganinta. Ya ce in shigo. Munka sha kofi, ya nuna mini hoton matarshi, ya karɓi lambar tarhona. Takardar kuwa ya ce in bar mashi.

Wata gudan da na roƙa ya cika ban samu mota ba. Duk wadda na gani, ko ta yi tsada ko inji ya gaji. Kuɗin na cikin ambulan ƙarƙashin katifa, kullum dare sai na ƙirga su. Yaya ya daina kira. Na riga na yanke shawarar in maida su ran Litinin, sai ran Asabar da safe tarho ya yi ƙara. Tsohon ne. Ya ce maƙwabcinshi ido ya hana shi tuƙi, ɗiyanshi sun ce a saida motar. Corolla ce ita ma, shuɗiya, ta ɗan girmi waccan. Ya ce ya gaya masu kada su sa takarda a gilashi sai ya kira wani mutum tukuna. Sannan ya yi shiru kaɗan, na ji shina danne dariya, ya ce:

"Heb of had?"

Na ce, "Heb, meneer. Heb!"

Sun ce 1,700, ba su rage ba. Na cika 200 daga aljihuna, ban gaya wa Yaya ba, sai in ya ji a wannan karatu. Ni da kaina na tuƙa ta zuwa tashar jirgin ruwa, na ɗauki hotonta na aika. Ta yi makonni bisa teku, ta yi kwanaki a Kwatano, ta sha jira wajen duwan a Gaya. Wani dare ina dawowa daga makaranta, cikin taram, tarhona ya yi ƙara. Lambar Yaya. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba. Sai hayaniyar yara nike ji, da guɗar mata, da wani da ya danne odar mota ya ƙi saki. Can sai muryar Yaya ta fito, shina ihu don in ji shi: "Kai, ka ji ta? Inna ce zaune a gidan gaba, ta ce ba ta sauka!"